Azbin, tsibiri a tsakiyar rairayi

Duwatsun ƙasarmu ruwa ne ya haife su. Farin dutsen da ake haƙa a Malbaza domin siminti shimfiɗa ce ta wani tsohon teku da ya janye. Na Azbin kuwa, da yawansu wuta ce ta toya su.

A babban hutu, bayan damina ta kankama, na bar Ƙonni, na ratsa Tawa, na yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Agadas. Hasumiyar masallacin, mai mita 27 ta zallar laka, ita ke fara gaida baƙo. Amma ni ban ji baƙunta ba: Hausa ake yi a kasuwa, kuma daga gidan sarautar nan ne Agabba, ɗan Sarki Muhammadu Almubarak, ya fito a ƙarni na 17 ya kafa sarautar Adar, wadda gadonta ke Illela yau.

Daga Agadas muka hau duwatsu. Kusa da Timiya ƙasa ta yi baƙi ƙirin, kamar an zubar da gawayin maƙera, ga tuddan da suka taɓa aman wuta sun yi tsit. A gindinsu kuma, abin mamaki, lambunan lemu da rumman. A Tafadak har yanzu ruwa da zafinsa yake ɓuɓɓugowa.

Ɗalibanmu suna iya bayanin irin waɗannan duwatsu na Faransa da Faransanci, tiryan-tiryan. Ka tambaye su na Azbin da Hausa, sai aji ya yi shiru. Na dawo da baƙin dutse guda a jaka. Ranar komawa makaranta zan ajiye shi bisa tebur, kusa da farin na Malbaza.