Bin Sawun Buhun Koko Daga Zangon Kumasi

Da asuba muka bar Aboabo, bayan na kora koko da ƙosai a bakin titi. Sai dai wani kokon ne ya fito da ni, wanda ake yin cakulan da shi. Ɗan kawuna yana aiki da wani kamfanin sayen koko, kuma kwana uku ya yi yana cika mini kunne, wai yanzu kowane buhu yana da tarihinsa a waya. Kawu, wanda ya tsufa a fataucin goro, ya ce mini: "Je ka gano mana, ɗana. Mu dai a zamaninmu baki ne takarda."

Muka ɗauki hanyar Kef Kwas, muka wuce Fomena da Edubiyase, gonakin koko dama da hagu, duhu a ƙarƙashinsu kamar magariba. A gadar Asin Faraso na leƙa kogin Fara, ruwansa ya koma kamar kunun kanwa. Aikin masu haƙar zinariya ta bayan fage ne, abin da a Gana ake kira galamse. Babu wanda ya ɗaga kai a motar sai ni baƙo.

A hanya ɗan kawuna ya yi mini bayanin abin da ya kawo wannan sabon salo. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da koko, kofi, manja, katako da wasu kayayyaki in daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020 suka fito. Dole mai kaya ya nuna ainihin gonar a taswira. Gana ta daɗe a matsayin ta biyu a noman koko a duniya, bayan Kwaddibuwa, kuma Turai ce babbar kasuwarta, don haka ba zancen wasa ba ne. Hukumar COCOBOD, wadda ke riƙe da harkar tun 1947, ta fara gina nata tsarin bin sawu. Wasu kamfanoni kuma suka ƙara da fasahar bulokcen.

"Yaya, ka ɗauka littafin bashi ne," in ji shi, "amma kwafinsa yana hannun mutane da yawa a kwamfutoci daban-daban. Kowane shafi a ɗaure yake da na bayansa. Ka goge layi ɗaya, sauran littattafan su tona ka."

Da hantsi muka sauka, muka hau babur zuwa wani ƙauye. Can muka tarar da wani dattijo mutumin Bawku, Hausa a bakinsa kamar Bakano, yana juya ƙwayar koko da tafin hannu a kan tabarmar gora da aka ɗora bisa sanduna. Gefe guda ga tarin da aka lulluɓe da ganyen ayaba, kwana shida zai yi yana tsima kafin a shanya. Na cusa hannu, na ji ɗumi kamar cikin tuwo, ga wani wari mai tsami da ya bi rigata har Kumasi.

Aka zo awo. Akawu ya ɗora buhu a sikeli, kilo 64 ne cikakken buhu, ya ɗaura masa takarda mai lamba, ya haska ta da waya. Nan take sunan mai gona da taswirar gonar suka bayyana. Ɗan kawuna ya taka iyakar gonar da ƙafarsa a bara, waya a hannu, kafin a samu wannan zanen. Na yarda abin ya burge ni.

Na ce, "Baba, sunanka ne wannan?"

Ya yi dariya. "Ina! Na mai gona ne, yana birni. Ni ɗan abusa ne."

Abusa tsohon tsari ne: mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Shi ke sara, shi ke feshi, shi ke fasa ƙwanso da adda, amma littafin da ba ya ƙarya bai san da shi ba. Sannan ya rage murya ya ce sikelin wani mai saye da ya saba zuwa can baya yakan cinye kilo biyu a kowane buhu. Na tambayi ɗan kawuna me zai faru in irin wannan sikelin ya ba da lamba aka shigar. Ya sosa ƙeya. Lambar za ta zauna daram har Amsadam, babu mai iya taɓa ta. Haka ma in wani ya ɗebo koko daga gandun daji ya zuba a buhun maƙwabcinsa mai rajista. Tauraron ɗan'adam yana ganin inda aka sare itace, amma ba ya leƙa cikin buhu.

Inda na ga fasahar ta fi kama ƙasa shi ne wajen kuɗi. Kamfanin Koa, na haɗin gwiwar 'yan Gana da Suwizalan, wanda ke sayen farin ruwan da ke jikin ƙwayar koko a wannan yanki na Asin, ya fara a 2022 biyan manoma ta kuɗin waya na MTN tare da shigar da kowane biya a bulokcen, inda kowa zai iya dubawa. A nan ba hannun akawu ke rubuta adadin ba. Kuɗin da ya faɗa wayar manomi shi ne shaidar kansa, kuma manomin yana riƙe da saƙon.

Bayan isha muka iso gida. Kawu yana kishingiɗe a zaure da rediyonsa, ya ce, "To, me ka gano?" Na ce littafin yana da amana, abin da aka ba shi yake riƙewa. Ya ɓantari goro, ya ce to a fara da gyara sikeli. Ni kuma zan ƙara da cewa a sa sunan ɗan abusa. Ranar buhu huɗu dattijon nan ya kawo, kuma duka huɗun da sunan wani suka tafi tashar Takoradi.