Awo Dabam, Aiki Dabam

Gangara ƙasar manoma ce. Tana cikin jihar Maraɗi, a gundumar Gazawa, ba nisa da iyakar Nijeriya. Kafin shekarar 2011 tana ƙarƙashin gundumar Agye. Mutanenta suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa. Idan an gama girbi, samari da yawa sukan tafi cin rani, wasu Katsina da Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. A da, ba a jin labarinsu sai a bakin matafiya, ko a cikin kaset da suke aikowa. Yanzu salula ce ke kawo muryarsu, har da fuskarsu, idan intanet ta yi kyau.

Akwai wani malamin makaranta a garin da ya so ya sa intanet a gidansa. Dalilinsa biyu ne. Na farko, shi ne ke aika takardun makarantarsu zuwa ofishin sufeto, kuma kowace takarda da ranar da ake son ta. Na biyu, mahaifiyarsa tana zaune tare da shi, autanta kuwa yana Libiya. Shekara uku ba ta sa shi a ido ba.

Malam ya yi wata da watanni yana tara kuɗi. Da suka cika, ya hau mota zuwa Maraɗi, ya sayi ƙaramin akwati wanda ake sa wa layi ya raba intanet ga salulolin gida. Mai kanti ya gwada masa kafin ya biya. Ya buɗe wani ma'auni a salula mai suna Speedtest. Wata allura ta tashi kamar ta babur, ta tsaya a kan 24.

Mai kanti ya ce: «Ka gani, Malam? Megabit 24 a sakan guda!»

Malam ya biya, ya koma gida da murna. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma, aka kira Libiya. Fuskar yaron ta fito, sai ta daskare. Muryarsa ta riƙa zuwa guntu-guntu. Sau uku ana kira, sau uku tana yankewa. Tsohuwa ta mayar masa da salula, ta ce: «Malam, ina ashirin da huɗun da ka sayo?»

Ya ce: «Ki yi haƙuri, Inna. Zan bincika.»

Malam bai ce an cuce shi ba, don da idonsa ya ga allurar. Sai ya ɗauki littafi da alƙalami. Mako guda yana awo sau uku a rana, yana rubutawa. Da asuba yakan sami 11 ko 12. Da azahar 6 ko 7. Bayan isha'i kuwa 1, wani lokaci ma ba ta kai ba. Akwatin bai sake ba, layin bai sake ba. To, me ya sake? Ya yi tunani, ya karanta, ya tambayi masu gyaran salula. A hankali ya gano dalilai huɗu.

Dalili na farko shi ne tarayya. Doguwar eriyar da ke ba gari rezo kamar famfon unguwa take. Wanda ya je ɗiban ruwa da asuba zai cika tulunsa nan da nan. Wanda ya je da marece zai tarar da layi, ruwan kuma ya rage ƙarfi. Da dare kowa ya dawo daga gona da kasuwa, kowa ya kunna salularsa. Abin da eriya ke iya bayarwa, shi ake rabawa tsakanin mutane duka.

Dalili na biyu shi ne wuri. Kantin Maraɗi yana tsakiyar birni, eriya tana kusa. Gidan Malam yana bakin gari. Ga nisa, ga kaurin bangon laka, ga rufin kwano, dukansu suna rage ƙarfin rezo. Da ya ɗauke akwatin daga ƙuryar ɗaki ya rataye shi sama kusa da taga, sai awon ya ƙaru.

Dalili na uku shi ne tsawon hanya. Ma'aunin nan yakan zaɓi babbar kwamfuta mafi kusa, ya auna gudu daga salula zuwa can. Amma saƙon gaske tafiyarsa ta fi haka nisa. Wanda ya auna gudun mota a kan kwalta tsakanin Gazawa da Agye bai san yadda za ta yi cikin rairayi ba. Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinta tana bin wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa, har zuwa bakin teku a ƙasashen maƙwabta, kamar Kwatano ta ƙasar Benin. Daga nan ta bi wasu wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa zuwa Turai da sauran duniya. Ran 14 ga watan Maris 2024, huɗu daga cikin waɗannan wayoyi sun lalace a teku, daura da ƙasar Kwaddebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, alhali eriyoyinsu suna nan tsaye, ba abin da ya same su. Haka kuma, idan rezon wanda ake kira ba shi da ƙarfi, kiran ba zai yi kyau ba, komai ƙarfin na mai kira.

Dalili na huɗu shi ne ma'auni. Mutumin Gangara ya san tiya, ya san buhu, ba ya rikita su. A intanet ma ma'auni biyu ne. Ana auna gudu da megabit. Ana auna nauyin hoto ko takarda da megabait, wanda a Faransanci ake rubutawa Mo. Megabit 8 ne ke yin megabait 1. Ashe 24 ɗin nan megabait 3 ne kawai a sakan guda. Ban da wannan, lambar da mai kanti ya nuna ta ɗiba ce, wato gudun abin da ke shigowa. Akwai wata lamba a ƙarƙashinta, ta aikawa, kuma sau da yawa ita ce ƙarama. Takardun Malam aikawa suke bukata. Kiran da ake ganin juna kuwa yana bukatar duka biyu.

Akwai lamba ta uku da mutane ba su cika dubawa ba, ita ce ta jinkiri. Tana nuna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Idan ta yi yawa, masu magana sukan riƙa hawa kan maganar juna. Shi ya sa tsofaffin taurarin sadarwa, waɗanda ke nisan kilomita wajen 36.000 a sama, suke da jinkiri. Na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a shekarar 2025, nisansu wajen kilomita 550 ne, don haka jinkirinsu kaɗan ne. Amma su ma tarayya ake yi a kansu, ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan dame su.

Da Malam ya haɗa waɗannan duka, sai ya ga cewa allurar ba ta yi ƙarya ba. Ta faɗi abin da ta gani a kantin Maraɗi, a wancan lokacin, a kan gajeriyar hanya. Ba ta yi alkawarin abin da zai faru a Gangara bayan isha'i ba. Ya kuma lura cewa ganin fuska a salula ba ya bukatar 24. Megabit 1 ko 2 sun isa, muddin ba su yankewa.

Sai ya sake tsarin gidansa. Takardun makaranta yana aika su bayan sallar asuba, kafin gari ya waye. Kiran Libiya ya koma safiyar Juma'a, ranar hutu a can, ana tunawa cewa agogonsu ya riga na Nijar da awa ɗaya. A irin wannan safiya ce tsohuwa ta ga autanta sosai. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce ya rame. Idan kuwa larura ta kama da dare, sai a rufe hoto a bar murya, don murya ta fi sauƙin wucewa. Awon ma Malam ya rage shi, domin kowane awo yana cin megan da aka saya da kuɗi.

Har yanzu akwai daren da rezo ke ƙi gaba ɗaya, dabara ba ta yi masa magani. Amma maƙwabta sun ji labarin littafin Malam. Duk wanda ya yi niyyar sayen akwati yakan zo neman shawara. Malam yakan ce masa: «Kada ka yi cinikin biri a sama. Ari nawa ka kwana da shi. Ka gwada a ɗakinka, a lokacin da kake bukata, da aikin da za ka yi. In ya yi maka, ka saya. In bai yi ba, ka gwada layin wani kamfani kafin ka fid da kuɗinka.»

Tambayoyi

1. Me ya sa Malam ya sayi akwatin intanet?
2. Ta yaya eriya ta yi kama da famfon unguwa?
3. Don me aka mai da kiran Libiya safiyar Juma'a?
4. Lissafi: takarda tana da nauyin megabait 6. Gudun aikawa megabit 2 ne a sakan guda. Sakan nawa za ta ɗauka?