Ruwan Sha Kafin Jirgin Ruwa

Mashigin Suwez ba baƙo ba ne ga mai sauraron labarai: hanyar ruwa ce mai tsawon kimanin kilomita 193 da ta haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, ta hutar da jiragen ruwa zagaye Afirka. Yadda aka haƙa ta kuwa, sai da na shiga gidan tarihin mashigin a Isma'iliyya na gane, lokacin da na kai wa yayana ziyara a Masar.

Sunan da ya cika wurin shi ne na Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci aikin daga 1859 har aka buɗe mashigin ranar 17 ga Nuwamba, 1869. Amma ni tsofaffin hotuna da taswirori ne suka tsayar da ni. Shekarun farko da hannu aka yi haƙan: diga, shebur, da kwandon kwasar ƙasa. Talakawan Masar aka kwaso daga gonakinsu aikin tilas, da yawa kuma can suka bar ransu. Sai bayan an dakatar da aikin tilas a 1864 manyan injinan haƙa suka karɓi ragama.

Abin da ya fi zama min a rai shi ne maganar ruwan sha. Cikin hamada ake aikin, da farko raƙuma ke kai wa ma'aikata ruwa. Dole sai da aka haƙa wata 'yar magudana daga kogin Nilu, ta kawo ruwan daɗi Isma'iliyya, ta zarce garin Suwez a 1863. Ba jirgin ƙasaita da ke bin ta, ba wanda ke ɗaukar hotonta. Amma wallahi ba don ita ba, da ƙishirwa ta tsayar da komai.

To, 'yan'uwa ɗalibai, nan ne abin ya shafe mu. Sau nawa aka ce mana ai difloma ce kawai? Sau nawa muka je koyon aiki aka miƙa mana igiyar awo, mai digiri yana inuwa? Ni ma abin yana min ciwo. Sai dai ku tuna Maris ɗin 2021, da jirgin Ever Given ya gitta a mashigin, ya toshe shi kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Su wa aka nema? Masu tuƙa motar haƙa, masu injin yashe ƙasa, da matuƙan ƙananan jiragen ja.

Haƙƙinmu kam sai mun nema, ba fashi. Amma kafin nan, mu iya aikin. Wanda ya ƙware da awo, walda ko gyaran famfo, ranar da abu ya cije, gidansa za a zo ana sallama.