Sunayen Ciwo

Bahaushe ya tara wa ciwo kalmomi masu yawa. Kai sara yake yi, ciki murɗawa, haƙori zogi, ƙirji suka, ƙuna kuwa raɗaɗi. Kowace kalma da irin azabar da take nufi. Amma da zarar an tambaye mu jiki, sai mu dunƙule su duka mu ce "da sauƙi", domin an tarbiyyantar da mu a kan dauriya, raki kuwa abin kunya ne.

Wannan ɗabi'a tana cutar da 'yan'uwanmu mazauna Ikko ƙwarai da gaske. Ɗan dako a Apapa yakan wuni yana sauke buhuna, direban tirela kuma ya yi kwanaki a layin shiga tashar jirgin ruwa. Idan ƙugu ya riƙe, sai a haɗiyi tramadol, ƙwayar da jami'an kwastan suka sha kama sunduƙanta a wannan tasha. Tana toshe bakin ciwo, ta bar tushensa, sannan ta zame wa mutum jaraba.

Alhali jiki magayi ne. Zogin katara ga mai sikila yana iya nufin jini ya daina isa kan ƙashin cinya, har ya fara mutuwa. Irin wannan gaɓa ana musanya ta da ta ƙarfe da roba, aikin da John Charnley ya daidaita a Ingila a 1962, ana kuma yin sa a asibitin ƙashi na Igbobi. Haka nan ciwon kan da ya fi tsanani da asuba tare da amai, ko farfaɗiyar da ta fara wa mutum da girmansa, suna iya zama alamar ƙari a ƙwaƙwalwa. Mu kuwa iskoki muka fi ɗora wa laifi, har lokaci ya ƙure.

Ilimin likitanci ya yi nisa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fasalin rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa bisa ƙwayoyin halittarsa. A 2024 Amurka ta amince da vorasidenib, maganin da ke rage saurin girman wani nau'insa. A 2025 ta amince da suzetrigine, wanda ke tare saƙon ciwo tun a jijiya kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Duk da haka, har yau likita sai ya ji daga bakin majiyyaci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hasali ma, ma'aunin ciwo da Ronald Melzack ya fitar a Kanada a 1975 da kalmomin marasa lafiya aka gina shi. Latunde Odeku kuwa, wanda ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, shi kansa marubucin waƙoƙi ne.

A nan nauyi ya hau kanmu, mu manazarta harshe da adabi. Bahaushen Agege yakan zauna gaban likita a Idi-Araba, wanda sau da yawa ba ya jin Hausa, tafinta kuma ya mayar da sara da suka da zogi kalma guda. Wajibinmu ne mu tattaro waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffi da maɗora da ungozomomi, mu fayyace ma'anar kowace, mu jera su da takwarorinsu na Ingilishi da Yarabanci. Sannan mu koya wa na bayanmu cewa faɗa wa likita gaskiyar abin da jiki ke ji ba ya rage wa mutum haƙuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.