Daren da Na Ga Abin da Ya Wuce

Wallahi don cike gurbi na ɗauki kwas ɗin nan. Ni ɗalibar tarihi, ina ni ina ilimin taurari? Sai ran nan malami ya rubuta a allo cewa haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da wannan uban gudun, hasken rana sai ya yi minti takwas da ɗoriya kafin ya iso mu. Na rubuta na rufe littafi, ko a jikina.

Da dare abin ya kama ni. Ƙarshen Oktoba ne, damina ta wuce, hazo bai sauka ba, ga shi an ɗauke wuta, unguwa duhu ɗunɗum. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na hango Kaza da 'Ya'yanta sun ɗago daga gabas, cunkushe wuri guda yadda kakata take nuna mana su. Na haska tocilan na duba littafin: nisansu tafiyar haske ce ta kusan shekara 440! Na lissafa da yatsu, gabana na faɗuwa. Ashe hasken da ke shiga idona ya baro can fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804. Aka ci birane, aka kafa Sakkwato, Turawa suka zo suka tafi, shi yana hanya.

Ban tsaya nan ba. Malam ya ce mu nemi Andiromeda, kuma kada mu ƙura mata ido, mu ɗan karkata gefe. Na yi ta lalube har wuyana ya ƙage, sai ga ta, kamar an shafa toka da ɗan yatsa a baƙin zane. Wannan ɗan dishi-dishin gungu ne na biliyoyin taurari, haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Masana ma sun daɗe suna gardama ko gajimare ne a cikin gungun taurarin da muke ciki, sai da Edwin Hubble ya gano wani tauraro mai ƙara haske yana ragewa a cikinta a 1923, ya auna nisan da ƙa'idar Henrietta Leavitt.

Na ruga na taso ƙanena daga barci.

"Yaya, lafiya?" Ya murza ido ya ɗaga kai. "Ina? Ni ban ga komai ba."

Na riƙe haɓarsa, na ɗan juya masa kai hagu.