Abin Da Na Gano A Fadamar Nguru

Duk wanda ya sauka Nguru, watau inda layin dogo ya ƙare a Jihar Yobe, ya gangara fadama da sassafe, lalle zai sha kallo. A wannan yanki ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala, kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. Da hunturu kuwa tsuntsaye sukan taso tun daga Turai su sauka Dagona.

Amma fa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, wasu rafuka kuma suka daina ƙafewa da rani. Nan ciyawar kachala ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta kuma zama maɓoyar jan baki masu ɓarnar hatsi.

A bakin ruwa na tarar da wani ɗalibi mai neman digiri na biyu a ilmin muhalli, yana yi wa masunta bayani da kalmomin littafi, su ko sun yi tsit. Da ya tambaye su inda kwalekwale ke bi a da, sai baki ya buɗe. Tsofaffi suka duƙa suna zana masa matattun rafuka a ƙasa, kowanne da sunansa.

To, jama'a masu karatu, mai son gyara fadamar nan sai ya fara zama almajirin masunta, sa'an nan su saurare shi.