Iskoki Biyu a Gindin Kutus

A Kelle yaro yakan san iska tun kafin ya iya lissafin watanni. Garin yana gindin duwatsun Kutus, arewa da Gure, daidai inda ƙasar noma take ƙarewa, ta makiyaya ta fara. In ka miƙa arewa maso gabas sai Tesker, sai Termit, daga nan rairayi ne iya ganinka. Mahaifina Badamagare ne, fatauci ya kai shi cikin Barebari, ya yi aure, ya sami gona. A nan na tashi, kuma duk abin da muka ci ko muka rasa a shekarun nan, iska ce ta kawo shi ko ta hana.

Daga Nuwamba hunturu yake kamawa. Iska ta taso daga arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, leɓe ya tsage, faso ya kama dugadugai, akushi ya dare in an bar shi a waje. Da asuba mukan yi cincirindo a bakin wuta muna karkarwa, hantsi na yi kuma mu tuɓe riguna. Dalilin kuwa shi ne sama ba gajimare, iska ba laima, don haka zafin da rairayi ya sha da rana sai ya sake shi tas da dare. Wani lokaci a wayi gari hazo ya rufe Kutus, rana ta koma fara fat, ka dube ta ido bai yi maka zafi ba. Sai da na girma na san cewa yawancin wannan farar ƙura daga Bodele take, a ƙasar Cadi, wani kwari da a zamanin da gindin babban tafki ne. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashe busasshen laka ta yi sama da shi, har wani ya ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon.

Bazara ce mai wuya. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ruwan rijiya ya yi ƙasa, jakai su laɓe a inuwar aduwa. Kelle tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana take tsayawa tsak a kanmu: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Rana ɗaya ce, amma ta Afrilu ƙuna ce, ta Agusta kuwa gajimare da danshin ƙasa sun karya mata lago.

Ƙanen mahaifiyata shi ne mai duba mana iska. Da sassafe yakan ɗebi ƙasa ya watsa sama, ya tsaya yana kallon inda ta nufa. Ranar da ya shigo gida ya ce, "Ta juya," ranar ake fito da iri. Iska ta bar gabas ke nan, ta koma tasowa daga kudu maso yamma da ɗan sanyi da ƙamshin laima. Masu ƙarfin zuciya su yi binne, su zuba gero cikin busasshiyar ƙasa su jira. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, hadari bai taɓa zo mana daga can ba. Kullum daga gabas yake haɗuwa, ja wur da ƙura a gabansa.

Na ce, "Kawu, in iskar yamma ce take kawo ruwa, me ya sa hadari yake tasowa daga gabas?"

Ya ce, "Ɗana, waccan mai ɗebowa ce daga rijiya, wannan mai sheƙawa."

Da na je lakwal a Damagaram, mushe ya zana mana abin a allo, sai na ga bayanin Kawu ne aka sa wa sunaye. Iska mai laima tana tasowa daga tekun Gini, fiye da kilomita 1,000 kudu da mu, tana rarrafowa ta ƙasa. Ta Sahara kuma, wadda ta sauko daga sama a bushe, tana tare mata hanya. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa da bazara, ta koma kudu da kaka. A can sama kuma akwai wata iska mai ƙarfi da take kora hadari daga gabas zuwa yamma. Mu muna kusa da ƙarshen tafiyar mai laimar ne, ta iso a gajiye, ta yi Yuli da Agusta da ɗan abin da ya samu na Satumba, ta juya. Ruwan shekara a yankin Gure bai fi wajen milimita 300 ba, kuma in ta gaza kaɗan, mu ne na farko da za mu ji a jika.

Farin 1973 a bakin manya na ji shi, tare da labarin yadda Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974 ana tsakiyar yunwa. Na 1984 kuwa da idona na gani. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Fulani da Tubawa suka gangaro da dabbobin da ba sa iya tsayuwa, ana sayar da saniya a kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Iyayenmu mata suka shiga daji tsinkar ƴaƴan anza, a jiƙa a zubar da ruwa, a sake jiƙawa har ɗacin ya ragu. Har ƙwayar ƙarangiya an sussuka an ci. A shekarar ne Najeriya, a mulkin Buhari, ta rufe iyakarta, hatsin da ake shigowa da shi ya tsaya, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, a lokacin ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne laifin da aka ɗora wa talakawa. An ce awakinmu da gatarinmu ne suka kori ruwa. Wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin a 1975 cewa ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, ta hana hadari haɗuwa. Ba na musun cewa sare itace ya yi ɓarna. Na ga tudun rairayi yana cinye kwaruruka masu goruba da kanwa a kudancin Gure. Amma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban dalilin farin yana cikin teku: ruwan tekun Indiya da na kudancin Atlantika ya ɗumama fiye da na arewa, sai iskar laima ta rasa ƙarfin hawowa. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka rasa dabbobinsu saboda shi, sannan aka zarge su.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, sai dai halinsa ya sake. Yakan zuba da yawa a dare ɗaya ya rusa gidajen ƙasa, sannan ya ɗauke har shuka ta lanƙwashe. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana fitar da hasashen damina kowace shekara bisa ɗumin tekuna. Aiki ne mai amfani, amma manomin Kelle ba jimillar ruwan shekara yake tambaya ba. So yake ya ji, da Barbarci ko da Hausa, ko ruwan farko na gaskiya ne, ko kuwa ya riƙe irinsa zuwa mako mai zuwa.